Komawa Harkar Zuba Jari Bayan Shekaru a Sashen Kuɗi na Kamfani: Tambayoyi da Amsoshi

Akwai mutane da yawa da suka fara aiki a matsayin manazarta hannun jari ko ma'aikatan asusun zuba jari, sannan suka koma sashen kuɗi na wani kamfani, inda suka riƙa tsara kasafi, kula da baitulmali, ko shirya sayen wasu kamfanoni. Bayan wasu shekaru sai sha'awar tsohuwar sana'a ta dawo musu. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda irin waɗannan mutane suka fi yi idan suka fara tunanin komawa.

Tunda duk aikin lissafin kuɗi ne, me ya sa ake kallon su a matsayin sana'o'i biyu?

Kayan aikin ɗaya ne, wato rahoton kuɗi, jadawalin Excel da hasashen riba, amma tambayar da kowanne yake amsawa ta bambanta. Ma'aikacin sashen kuɗi yana cikin gida, kuma abin da ake nema a wurinsa shi ne ya taimaka wa kamfanin ya cimma abin da shugabanni suka tsara: a samu bashi da sauƙi, a rage kashe kuɗi, a rufe littattafai a kan lokaci. Mai zuba jari kuwa yana waje, ba shi da iko a kan yadda ake tafiyar da kamfanin, kuma tambayarsa ɗaya ce tak: shin farashin da ake sayar da wannan hannun jari ko wannan takardar lamuni (takardar bashi da ake saye da sayarwa) yau ya yi ƙasa da ainihin darajarsa, ko ya haura ta? Kamfani na iya zama nagari ƙwarai amma hannun jarinsa ya yi tsadar da ba za a ci riba da shi ba. Wanda ya daɗe a cikin kamfani yakan manta da wannan, domin shekara da shekaru babu wanda ya tambaye shi ra'ayinsa a kan farashi.

Masu ɗaukar aiki za su ɗauki shekarun da na yi a kamfani a matsayin giɓi?

Wasu za su ɗauka haka, kuma yana da kyau mutum ya san abin da suke tsoro. Ba su shakkar iya lissafinsa. Abin da ke damunsu shi ne ko har yanzu yana iya tsayawa a gaban kwamitin zuba jari ya ce a saya ko a sayar, ya faɗi dalilinsa, sannan ya jure ganin kasuwa ta ƙaryata shi na tsawon watanni. A cikin kamfani ana yanke shawara ne a taro, a raba alhakinta tsakanin sassa, kuma sau da yawa ba a sanin sakamakonta sai bayan shekaru, lokacin da waɗanda suka yanke ta sun canja kujera. A asusun zuba jari kuwa ana auna mutum kullum da farashin rufe kasuwa, da sunansa a jikin kowace shawara. Don haka duk shirin komawa ya kamata ya karkata ga kawar da wannan tsoro, maimakon jera muƙaman da aka riƙe.

To me na samo a kamfani wanda wanda bai taɓa barin kasuwa ba ba shi da shi?

A nan ne ƙarfin mai komawa yake, kuma abin mamaki shi ne yawancinsu ba sa iya bayyana shi. Manazarcin da ya yi rayuwarsa yana karanta rahoton kuɗi daga waje yana ganin lambobin ne bayan an gama dafa su. Wanda ya yi aiki a ciki ya ga yadda ake haɗa su. Ya zauna a ofis a daren ƙarshe na zangon wata uku, ya ji shugaban sashen ciniki yana roƙon abokin hulɗa a waya ya karɓi kayan wata mai zuwa tun yau don adadin ya cika, ya ga ma'aji ya riƙe biyan masu kawo kaya har sai an shiga sabon wata domin kuɗin da ke asusu ya yi kyau a ranar rufe littafi. Ya san cewa kuɗin da aka ware saboda bashin da ba lallai a biya ba hukunci ne na mutane uku ko huɗu, waɗanda suka yi gardama da masu binciken kuɗi kafin a tsaya a kan wani adadi. Ya kuma san cewa hasashen da shugaban kamfani ke faɗa wa masu hannun jari ba shi ne kasafin cikin gida ba, kuma tazarar da ke tsakaninsu da gangan aka bar ta.

Wannan sani yana da daraja a kasuwa, kuma tarihi ya nuna haka. Kamfanin gine-gine na Carillion a Birtaniya ya durƙushe a Janairun 2018, kuma daga cikin abubuwan da suka ɓoye nauyin da ke kansa akwai wani tsari da banki ke biyan masu kawo masa kaya da wuri, shi kuma ya biya bankin daga baya, ba tare da an lissafa kuɗin a cikin bashinsa na banki ba. Duk wanda ya taɓa aiki a baitulmalin kamfani ya san irin wannan tsari da inda ake ajiye shi a rahoto. Haka kuma kamfanin Wirecard na Jamus ya faɗi a Yunin 2020 bayan ya amince cewa yuro biliyan 1.9 da ke rubuce a littattafansa da alama babu su. Ba a cewa tsohon ma'aikacin kamfani zai gano kowace irin wannan ɓarna, domin ƙwararru da yawa sun ruɗu. Sai dai shi ya san tambayar da ake yi idan riba tana hawa amma kuɗin hannu ba sa biyo ta, kuma ya san irin amsar da jami'in kuɗi ke bayarwa idan yana son ya kauce.

Akwai kuma abin da ba a cika ambata ba, wato sanin yadda tsare-tsare ke mutuwa. Wanda ya shiga aikin haɗe kamfanoni biyu ya ga yadda tsimin da aka yi alkawari a takarda yake narkewa idan aka zo haɗa manhajoji, sallamar ma'aikata da riƙe abokan ciniki. Idan irin wannan mutum ya ji wani shugaba yana alkawarin tsimi mai yawa cikin shekara ɗaya, ya san kason da zai zaftare kafin ya sa lambar a lissafinsa.

Shekara nawa a waje ne suka yi yawa?

Babu wata doka a kan haka. A ra'ayina, shekara biyu zuwa uku ba sa buƙatar dogon bayani, kuma tsoffin abokan aiki na nan a kujerunsu. Idan abin ya kai shekara bakwai ko goma, mutum ya zama ɗan masana'antar da ya zauna a cikinta, kuma ya fi masa alheri ya nemi aiki da wannan suna, ya daina gabatar da kansa a matsayin tsohon manazarci.

Me ya canja a kasuwa wanda ya kamata in sani kafin in fara nema?

Amsar ta dogara da shekarar da aka tafi, amma abu na farko da za a duba shi ne kuɗin ruwa. Babban Bankin Amurka ya sauke nasa zuwa kusan sifili a Disambar 2008, ya bar shi a nan har Disambar 2015, ya sake sauke shi a Maris 2020, sannan ya fara ɗagawa a Maris 2022 har ya kai tsakanin kashi 5.25 da 5.5 cikin ɗari a Yulin 2023. Wanda ya koyi kimanta daraja a zamanin arha ya saba da lissafin da ba ya aiki a zamanin tsada. Misali, dala 100 da za a karɓa bayan shekara goma tana daidai da kimanin dala 82 a yau idan aka yi lissafi da kashi 2 cikin ɗari, amma da kashi 6 ba ta wuce dala 56 ba. Kamfanin da duk ribarsa ke can gaba shi ne wannan bambanci ya fi bugu.

Abu na biyu shi ne yawan kuɗin da suka koma asusun da ke bin ma'aunin kasuwa kawai, ba tare da zaɓen hannun jari ɗaya bayan ɗaya ba. John Bogle ne ya buɗe irin wannan asusu ga jama'a a kamfanin Vanguard a 1976, kuma bunƙasarsa ta matse kuɗin da masu zaɓen hannun jari ke caja, wanda hakan ya rage kujerun manazarta a gidaje da yawa. A Turai dokar MiFID II da ta fara aiki a Janairun 2018 ta tilasta raba kuɗin bincike da kuɗin dillanci, lamarin da ya taɓa sassan bincike na bankuna, ko da yake Birtaniya ta sassauta sharaɗin a 2024. A ɗaya gefen kuma, zuba jari a kamfanonin da ba sa kasuwar hannun jari, da ba su bashi kai tsaye ba ta hanyar banki ba, ya faɗaɗa sosai.

Canje-canjen ƙa'idojin lissafi, kamar IFRS 16 da ta shigar da haya cikin bashin kamfani tun Janairun 2019, da daina amfani da LIBOR, ma'aunin kuɗin ruwa tsakanin bankuna, na dala a ƙarshen Yunin 2023, ba za su ba mai komawa wahala ba, domin wataƙila shi ne ya aiwatar da su a kamfaninsa.

Wace ƙofa ce ta fi sauƙin shiga?

Ƙofar masana'antar da aka fito daga cikinta. Wanda ya yi shekara biyar a sashen kuɗi na kamfanin sadarwa ya nemi gidan da ke buƙatar manazarcin sadarwa, domin a nan ba ya gogayya da matasa masu sabon digiri a kan abin da suka fi shi, wato ƙarancin albashi da juriyar kwana a ofis. Bayan haka, irin aikin da aka yi a kamfani yana nuna hanya. Wanda ya yi sayen kamfanoni ya fi kusa da asusun da ke sayen kamfani sukutum ya gyara shi ya sayar, kuma irin waɗannan asusu suna da rukunin ma'aikata da ke shiga kamfanonin da aka saya don gyara harkar kuɗinsu. Wanda ya yi baitulmali, ya tattauna sharuɗɗan bashi da bankuna da hukumomin auna ƙarfin biyan bashi, ya fi kusa da nazarin takardun lamuni, inda tambayar ita ce ko kamfanin zai iya biya. Wanda ya yi hulɗa da masu hannun jari kuwa ya riga ya san manajojin asusu fuska da fuska. Asusun fansho, kamfanonin inshora da ofisoshin da ke kula da dukiyar manyan iyalai su ma sukan fi karɓar mai tarihin aiki gauraye fiye da asusun da ke cinikin yau da gobe, waɗanda su ne ƙofa mafi ƙunci.

Shin sai na yi jarrabawar CFA ko na koma jami'a?

Idan an riga an fara CFA, wato shaidar ƙwarewa ta manazarta harkar zuba jari, a ƙarasa ta. Matakai uku ne, kuma Cibiyar CFA tana neman aƙalla awa 4,000 na aikin da ya dace, wanda aka yi cikin wata 36 ko fiye, kafin ta ba da shaidar. Wani ɓangare na aikin kamfani yana iya shiga lissafin idan ya shafi yanke shawarar zuba jari, kamar kimanta darajar kamfanin da za a saya, amma rufe littattafan wata-wata ba lallai ya shiga ba. Amfanin shaidar ga mai komawa shi ne ta nuna da gaske yake yi, tana kuma hana a jefar da takardarsa tun a zagayen farko. Ba ta ɗaukar kowa aiki ita kaɗai. Digiri na biyu a harkar kasuwanci kuwa ya fi amfanar wanda bai taɓa shiga sana'ar ba, kuma ga wanda ya riga ya yi ta, da wuya kuɗin da shekarun su biya kansu.

Abin da ake yawan mantawa shi ne lasisi. A Amurka, alal misali, cancantar da jarrabawar Series 7 ta dillalan hannun jari ke bayarwa takan faɗi idan mutum ya yi shekara biyu ba ya rajista da wani gidan dillanci, sai dai tun 2022 hukumar FINRA mai kula da gidajen dillanci ta buɗe shirin da ke ba da damar riƙe ta har shekara biyar, da sharaɗin an shiga shirin a kan lokaci kuma ana yin karatun da aka wajabta duk shekara. Kowace ƙasa da nata tsarin, don haka a tambayi hukumar da ke kula da kasuwar tun kafin ranar ganawa.

Idan aka tambaye ni dalilin tafiyata da dalilin dawowata, me zan ce?

A faɗi gaskiya a taƙaice, sannan a wuce zuwa ga aiki. Idan rage ma'aikata ne ya jawo, a ce haka, domin duk wanda ya daɗe a wannan sana'a ya ga irinsa. Idan iyali ne ko gajiya da tsawon lokacin aiki, shi ma ba abin kunya ba ne, amma a shirya wa tambayar da za ta biyo baya, wato me ya canja yanzu. Amsar da ta fi kowacce rauni ita ce a ce aikin kamfani ya gundure ni, saboda mai tambaya zai ji cewa gudu ake yi daga wani wuri, kuma wanda ya gudo yau zai iya gudu gobe. Haka nan ba a zagin tsohon wurin aiki. Amsa mai ƙarfi ita ce wadda ta ƙare da wani abu takamaimai, kamar a ce: na yi shekara huɗu ina shirya wa shugabanni amsoshin tambayoyin manazarta, na lura cewa tambayar da ta fi muhimmanci ba a taɓa yi mana ita ba, ga kuma tambayar. Mai ɗaukar aiki da ya ji haka zai ajiye takardar da ke hannunsa ya saurara.

Wace hujja zan gabatar cewa har yanzu ina iyawa?

Rubutaccen nazari a kan hannun jari biyu ko uku, ɗaya daga cikinsu wanda ake ganin ya kamata a sayar. Kowanne kada ya wuce shafi biyu ko uku, ya faɗi farashin ranar da aka rubuta shi, abin da kasuwa ta yi imani da shi, inda marubucin ya saɓa mata, darajar da ya kimanta, da abin da zai faru ya sa ya yarda ya yi kuskure. A sa kwanan wata, a aika wa wani amintacce don ya zama shaida, domin nazarin da aka rubuta wata shida da suka wuce, ko da bai yi daidai ba, ya fi wanda aka haɗa daren jiya nauyi. Kuskuren da masu fitowa daga kamfani suka fi yi shi ne su kawo jadawali mai shafuka arba'in, kowace lamba a wurinta, amma idan aka ce to a saya ko a bari, sai su fara kame-kame. An fi son lissafi mai sauƙi da ra'ayi tsayayye.

Zan iya amfani da abin da na sani game da tsohon kamfanina?

A nan sai an yi taka-tsantsan ƙwarai. Fahimtar yadda masana'anta ke aiki mallakar mutum ce, yana iya tafiya da ita duk inda ya so. Amma bayanin da ba a bayyana wa jama'a ba, wanda zai iya motsa farashi, kamar sakamakon zangon da ba a sanar ba ko cinikin da ake tattaunawa a ɓoye, yin ciniki da shi ko miƙa shi ga wani laifi ne a kusan kowace kasuwa, kuma ajiye aiki ba ya wanke shi. A Tarayyar Turai dokar hana almundahanar kasuwa da ta fara aiki a Yulin 2016 ta wajabta wa kamfanoni ajiye jerin sunayen waɗanda suka san irin wannan bayani, kuma ma'aikacin sashen kuɗi yakan kasance a ciki. Abin da ya dace shi ne mutum ya sanar da sashen bin doka na sabon wurin aikinsa tun ranar farko, a sa tsohon kamfanin cikin jerin waɗanda ba zai taɓa ba har sai bayanin ya fito ko ya tsufa. Kada kuma a zaɓi tsohon kamfanin a matsayin nazarin da za a gabatar a ganawa. Mai ɗaukar aiki na kirki zai tsorata da wanda ya zo yana nuna cewa yana da sirri a aljihu. A sake karanta yarjejeniyar aiki ma, saboda sharuɗɗan riƙe sirri da na hana aiki da abokan hamayya.

Ribar da na samar a asusun da na yi wa aiki a da, zan iya lissafa ta a matsayin tawa?

A dunƙule, tarihin riba na gidan da aka yi wa aiki ne. Ƙa'idojin GIPS, waɗanda gidajen zuba jari ke bi wajen bayyana tarihin ribarsu, ba su yarda a ɗauke shi zuwa sabon gida ba sai idan kusan duk masu yanke shawarar sun koma tare, tsarin aikinsu bai canja ba, kuma akwai takardun da ke tabbatar da lambobin. Ana iya bayyana shawarwarin da aka bayar da yadda suka ƙare, har da waɗanda suka jawo asara.

Zan koma a matsayin da na bari, ko sai na sauka? Albashi fa?

Sau da yawa sai an sauka, aƙalla a suna. Daraktan da ke da ma'aikata goma sha biyar a ƙarƙashinsa yana iya samun kansa a matsayin babban manazarci da ba shi da kowa sai kwamfutarsa, yana kai rahoto ga wanda suka fara aiki tare, ko ma ga wanda ya girme wa. Wannan ya fi raguwar kuɗi ciwo ga mutane da yawa, kuma gara mutum ya yi wa kansa wannan tambaya tun bai sa hannu ba. Tsarin biyan ma ya bambanta. A kamfani yawancin abin da ake samu albashi ne tsayayye, a zuba jari kuwa kaso mai yawa yana zuwa ne a ladan ƙarshen shekara, wanda ke iya zama babba ko ya zama babu. A asusun sayen kamfanoni, inda aka saba manajoji su ɗauki kashi 20 cikin ɗari na ribar da ta haura wani mizani, rabon ma'aikaci ba ya zuwa sai an sayar da kamfanonin, kuma irin wannan asusu yakan yi kimanin shekara goma. Kafin a karɓi tayi, a lissafa hannun jarin tsohon kamfani da aka yi wa mutum alkawari amma lokacin mallakarsa bai yi ba, wanda za a rasa idan aka tafi, a kuma nemi sabon wurin ya biya wani ɓangare nasa, domin ana yin haka.

In ajiye aikina in fuskanci neman, ko in nema ina kan aiki?

A nema ana kan aiki. Kujerun zuba jari kaɗan ne, ba a cika tallata su ba, kuma yawancinsu suna buɗewa ne bayan an biya ladan shekara, lokacin da masu niyyar tafiya suke tafiya, don haka neman yana iya ɗaukar shekara guda ko fiye. A wannan tsakani akwai abin da za a iya yi daga kujerar da ake kai: a nemi shiga aikin sayen kamfani idan ya taso, a karɓi shirya taron masu hannun jari, ko a nemi wakilci a kwamitin da ke kula da asusun fanshon ma'aikata. A kuma koma ga tsoffin abokan aiki da wani abu a hannu. Saƙon da ke cewa ina neman aiki yakan kwana ba amsa, amma wanda ke ɗauke da shafi biyu a kan wani kamfani da mai karɓar saƙon ya zuba kuɗi a ciki, tare da tambayar ina ka ga na kuskure, yawanci ana amsa shi.